BOM NA NUKILIYA DA KAYAN LANTARKI

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai ya yi a gaban taron jama'a



 Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wata irin ɓarna da bom na nukiliya ya ke yi, wadda yawancin mutane ba su san da ita ba. Kowa ya ji labarin Hiroshima da Nagasaki, biranen nan biyu na ƙasar Japan da Amurka ta jefa wa bom a ranakun 6 da 9 ga watan Agusta 1945, ya kuma ji yadda wuta da iska mai ƙarfi da gubar haske suka hallaka dubban mutane. Mu ma a nan maganar bom ta taɓa zuwa kusa da mu, domin a ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Sahara, kuma da ta ƙi dainawa, sai Gwamnatin Nijeriya ƙarƙashin Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa a watan Janairu 1961.

To, ban da wuta da iska da guba, akwai aba ta huɗu. Ita ba ta rushe gini, ba ta ƙona fatar mutum, ba a kuma jin ƙararta. Kayan lantarki kaɗai ta ke wa illa: rediyo, tarho, kwamfuta, da manyan wayoyin da ke kai wuta gari gari. Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, EMP. Mu a cikin wannan jawabi za mu kira ta bugun lantarki.

Abin Da Ya Faru A Hawai

Bari in fara da abin da ya auku a zahiri. A daren 8 ga watan Yuli 1962, da misalin ƙarfe 11 agogon Hawai, Amurka ta harba roka daga wani ɗan tsibiri mai suna Johnston a tsakiyar tekun Pasifik. Rokar tana ɗauke da bom wanda ƙarfinsa ya kai na tan miliyan 1.4 na nakiya, watau ya ninka na Hiroshima sau 90 ko fiye. Aka tashe shi a can sama, nisan kilomita 400 daga ƙasa, inda babu iskar da mutum zai shaƙa. Sunan da aka ba wannan gwaji shi ne Starfish Prime.

Tsibiran Hawai suna da nisan wajen kilomita 1,450 daga wurin, watau abin da ya fi nisan Ikko da Kano. Mutanen birnin Honolulu sun ga sama ta haskaka da launuka iri iri, amma babu gidan da ya girgiza, babu kuma wanda ya ji rauni. Duk da haka a daidai wannan lokaci fitilun titi wajen 300 suka mutu, ƙararrawar tsaron ɓarayi ta dinga kaɗawa a wurare da dama ba tare da kowa ya taɓa ta ba, kuma wata tashar kamfanin tarho ta lalace, har maganar waya tsakanin tsibirin Kauai da sauran tsibiran ta yanke.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki, ranar 22 ga Oktoba 1962, Tarayyar Sobiyet ta yi nata gwajin a sararin ƙasar Kazakistan, nisan kilomita 290 daga ƙasa. Bom ɗinta bai kai rubu'in na Amurka ƙarfi ba, amma a kan tudu aka tashe shi, inda akwai garuruwa da dogayen wayoyi. Kamar yadda masanan Rasha suka bayyana daga baya, cikin shekarun 1990, fis fis ɗin wata wayar tarho mai tsawon kilomita 570 duk sun ƙone, wata wayar wuta da aka binne a ƙasa mai tsawon wajen kilomita 1,000 ta daina aiki, wuta kuma ta tashi a tashar lantarki ta birnin Karaganda.

Masanan da suka shirya gwajin Amurka sun san za a sami wani bugu, amma ba su zaci ƙarfinsa zai kai haka ba, har ma'aunansu da yawa suka kasa auna shi. Sai a shekarar 1963 wani masani mai suna Conrad Longmire, na ɗakin bincike na Los Alamos, ya warware yadda abin ya ke faruwa.

Tushen Al'amarin

Kafin in bayyana abin da ya gano, sai mu tuna da wani abu da kowane mai keke ya sani. Fitilar keke mai dainamo ba ta da batir. A cikin dainamon akwai maganaɗisu, akwai kuma waya da aka nannaɗe. In taya ta juya kan dainamon, maganaɗisun ya motsa kusa da wayar, sai wuta ta gudana cikinta, fitila ta kama. Wani Bature mutumin Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan a 1831: duk sa'ad da ƙarfin maganaɗisu ya sake kusa da waya, wuta za ta gudana cikin wayar, ko da ba a haɗa ta da kome ba. Gwargwadon saurin sakewar, gwargwadon ƙarfin wutar. Haka kuma eriyar rediyo ta ke kama saƙon da aka watso daga nesa, ta mai da shi 'yar ƙaramar wuta da akwatin zai juya ta zama murya.

Abu na biyu da za mu riƙe shi ne, ita duniyar nan da mu ke zaune a kanta babban maganaɗisu ce. Shi ya sa allurar kamfas kullum ta ke nuna arewa. Wanda ya riƙe waɗannan biyu, sauran bayanin ba zai yi masa wuya ba.

Masana sun kasa bugun lantarki kashi uku, suna biye da juna, suna kiransu E1, E2 da E3.

Bugu Na Farko

Sa'ad da bom ya fashe, abin da ke fara fita daga cikinsa shi ne wani haske da ido ba ya gani, ana kiransa hasken gama. Ɗan'uwan hasken nan ne da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. In an tashi bom ɗin a can sama, babu iskar da za ta tare wannan haske, sai ya bazu ko'ina. Wanda ya nufo ƙasa ba ya gamuwa da iska mai kauri sai ya sauko tsakanin kilomita 40 da 20 daga ƙasa.

Ita iska, kamar kowace halitta, an gina ta ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, sunansu ilaktiron. Hasken gama in ya bugi ƙwayar iska, sai ya fizge ilaktiron daga jikinta, ya cilla shi da gudun da ya kusa na haske. Wani masani Ba'amurke, Arthur Compton, shi ya bayyana wannan hali a 1923, aka kuma ba shi lambar girma ta Nobel a 1927 saboda haka.

To, a nan ne maganaɗisun duniya ya ke shigowa. Ilaktiron ɗin da aka cilla ba ya samun tafiya sak, domin maganaɗisun duniya yana karkatar da shi. Kuma duk abin da ke ɗauke da lantarki in aka karkatar da shi cikin gudu, sai ya fid da igiyar rediyo. Ta ilaktiron ɗaya ba kome ba ce. Amma waɗanda a ke fizgewa ba su ƙidayuwa, kuma dukansu lokaci ɗaya su ke karkata, fuska ɗaya. Ku dubi makaɗa dubu, in kowa yana kiɗa yadda ya ga dama, hayaniya kurum za a ji, amma in duka suka saukar da gula a kan ganga tare, ƙarar za ta kai gari na gaba. Haka wannan bugu ya ke sauko wa ƙasa a dunƙule.

Abu uku ne suka sa bugun farko ya zama abin tsoro. Na ɗaya sauri: in aka raba sakan ɗaya kashi miliyan dubu, cikin 'yan kashi kaɗan ya kai ƙarshen ƙarfinsa, ya fi aradu sauri ƙwarai da gaske. Na biyu ƙarfi: yana iya kai wa bolt 50,000 a kowace mita, alhali wutar da ke shiga gidajenmu bolt 230 ce ko kusa da haka. Na uku faɗi: duk ƙasar da za a iya hango wurin fashewar daga cikinta tana cikin hatsari, kuma in an tashi bom a nisan kilomita 400, wannan ya kai wajen kilomita 2,200 ta kowace fuska.

Ƙarfin bugun ba ɗaya ba ne a ko'ina. Inda maganaɗisun duniya ya fi ƙarfi, watau ƙasashen da suka fi nisa da tsakiyar duniya, nan ya fi tsanani. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ƙaramin bom ya yi ɓarna a Kazakistan fiye da yadda babba ya yi a Hawai, inda a ke ƙiyasin bugun bai wuce bolt 5,600 a kowace mita ba.

Yadda Ya Ke Lalata Na'ura

Bugun ba ya bukatar a buɗe masa ƙofa. Duk wani ƙarfe mai tsawo eriya ne a gare shi: wayar wuta, wayar tarho, eriyar rediyo, igiyar da ta haɗa kwamfuta da bango, har bututun ƙarfe. Shi ƙarfen zai kama bugun, ya mai da shi wuta mai ƙarfi, ya zuba ta cikin duk na'urar da ke ƙarshensa.

Dattawan da ke nan sun san akwatin rediyo na dā, mai kwalaben gilashi a ciki da a ke kira bawul, wanda sai ya ɗauki zafi kafin ya yi magana. Irin wannan yana aiki da bolt ɗari biyu ko fiye, kayan cikinsa kuma manya ne, saboda haka yana da juriya. Daga baya aka zo da taransisto, daga bisani kuma aka koyi dasa dubbai, har miliyoyin taransisto a kan ɗan ɓallin silikon da bai fi farce ba. Irin wannan ɓalli shi ne ƙwaƙwalwar kowace wayar hannu, da kwamfuta, da motar zamani. Da bolt 5 ya ke aiki, wani ma bolt 1, kuma hanyoyin da wuta ke bi a cikinsa sun fi silin gashi siranta sau dubbai.

Ku ɗauka wani manomi ya ja 'yar ƙaramar hanyar ruwa zuwa lambunsa, rannan sai kogi ya yi ambaliya ya bi ta cikinta. Abin da ke samun ɓallin ke nan. Wani lokaci siririn bangon da ke raba hanya da hanya ya kan huje. Wani lokaci hanyar da kanta ta narke ta yanke. In an yi sa'a, na'urar ta kan ruɗe kawai, ta manta lissafin da ta ke yi, a kashe ta a sake kunnawa ta dawo daidai. Ita ma wannan ruɗewa ba ƙaramar aba ba ce in na'urar tana kula da jirgin sama ne, ko tashar wuta, ko numfashin majiyyaci.

Wani zai ce, ai akwai fis, akwai kuma na'urar kare aradu. Gaskiya ne, amma fis sai ya yi zafi kafin ya yanke, na'urorin kare aradu da yawa kuma don saurin aradu aka yi su. Kafin su farga, bugun farko ya riga ya wuce ciki.

Bugu Na Biyu Da Na Uku

Bugu na biyu yana biyo na farko nan take, ya kan ɗauki har zuwa sakan ɗaya. Ya yi kama da abin da aradu ke jawowa in ta faɗi kusa da waya, kuma kariyar aradu da aka saba da ita tana iya tare shi. Hatsarinsa shi ne, yana iya tarar da na farko ya riga ya karya masa shinge.

Na uku a hankali ya ke zuwa, yana iya ɗaukar minti ɗaya ko 'yan mintoci. Dunƙulen wutar bom ɗin yana ture maganaɗisun duniya gefe, sa'an nan maganaɗisun ya komo mazauninsa. Wannan kai da kawowa, kamar yadda muka gani a dainamo, tana sa wuta ta gudana cikin waya. Ƙananan na'urori ba ruwansu da shi, sai wayoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Wutar da ya ke haifarwa fuska ɗaya ta ke tafiya, kamar ta batir, alhali kuwa taransifoma an gina ta ne don wuta mai kai da kawowa sau 50 ko 60 a sakan. In baƙuwar wutar nan ta shige ta, sai ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu, ta kama ruri, ta yi zafi, na'urorin tsaro su yanke layi. Babbar taransifoma in ta ƙone, ƙera wata ya kan ɗauki shekara ko fiye.

Wannan kashi na uku mun san shi sosai, domin rana ma tana jawo irinsa in ta yi aman wuta. A 1859 irin wannan guguwa ta rana ta rikitar da wayoyin tangaraho a Turai da Amurka. Ranar 13 ga Maris 1989 kuma wata ta kashe wutar lardin Kwibek na ƙasar Kanada cikin minti ɗaya da rabi, mutum wajen miliyan 6 suka zauna babu wuta har awa 9.

Gyaran Wasu Zantuttuka

Yanzu sai in gyara wasu maganganu da a ke yaɗawa, domin aikinmu shi ne faɗin gaskiya, ba tsoratarwa ba.

Da farko, bugun ba ya kashe mutum da kansa. Hatsarin yana zuwa ne daga baya, in famfo ya daina kawo ruwa, asibiti ya rasa wuta, firijin ajiye magani ya mutu, banki ya kasa biya, aka kuma rasa hanyar kiran taimako.

Na biyu, ba kowace na'ura ce ke mutuwa ba. Hukumar da Majalisar Dokokin Amurka ta kafa don binciken wannan al'amari ta ba da rahoto a 2008 cewa an gwada motoci 37 a ɗakin gwaji. Waɗanda ke kashe babu abin da ya same su. Cikin waɗanda ke kunne, uku ne injinsu ya tsaya, kuma an sake tashinsu. Ƙaramar na'ura wadda ba a haɗa ta da doguwar waya ba, kamar agogon hannu ko tocila, tana da kyakkyawar damar tsira. Haka nan a 2019 cibiyar binciken lantarki ta EPRI a Amurka ta ce bugu ɗaya yana iya ɗauke wutar jihohi da dama, amma ba ta ga alamar manyan taransifoma za su ƙone da yawa ba. Wasu masana suna ganin ɓarnar za ta fi haka, har yau kuma ana muhawara a kai.

Na uku, bom da aka tashe shi a ƙasa ko kusa da ƙasa shi ma yana da bugu mai ƙarfi, amma ba ya wuce 'yan kilomitoci, inda wuta da iska sun riga sun gama da kome.

Na huɗu, taurarin ɗan'adam da suka lalace bayan gwajin 1962, kamar Telstar na Amurka da Ariel na Ingila, ba bugun nan ne ya kashe su ba. Ilaktiron ɗin da bom ya bari suna kewaya duniya su ne suka cinye su a hankali cikin makonni da watanni.

Rigakafi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Babbar kariya ita ma daga Faraday aka samo ta, domin a 1836 ya nuna cewa in aka kewaye wuri da ƙarfe ta kowace fuska, lantarkin waje yana bin bayan ƙarfen ne, ba ya shiga ciki. Saboda haka a kan lulluɓe ɗakunan muhimman na'urori da ƙarfe, a sa matattara mai saurin gaske a kan kowace waya da ke shiga, a kuma haɗa ginin da ƙasa sosai. Inda ya yiwu, a kan maye wayar tagulla da wayar zaren gilashi mai ɗaukar saƙo ta hanyar haske, domin gilashi ba ya ɗaukar lantarki. Kamfanonin wuta kuma su kan ajiye kayan gyara a gefe. Don gwada jiragen yaƙi, Amurka ta gina wani ƙaton dandamali na katako a jihar New Mexico, aka gama shi a 1980, ana ɗora jirgi sukutum a kai a buga masa bugu na gwaji. Da katako aka yi shi don kada ƙarfe ya ɓata awon.

Ko mai gida yana da darasin ɗauka a nan. Wanda ya saba zare rediyonsa da talabijin daga bango, ya cire eriya, in hadari ya taso da walƙiya, to ya riga ya fahimci rabin jawabin nan, gama ta waya ɓarna ke shiga.

Amma kariyar da ta fi kowace ita ce kada a tashi bom ɗin sam. Ranar 5 ga Agusta 1963 Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a birnin Mosko kan yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a cikin iska, da sararin samaniya, da ƙarƙashin ruwa. Tun daga Nuwamba 1962 ba a sake tashin bom a can sama haka ba. A 1967 aka yi wata yarjejeniya da ta hana ajiye makaman nukiliya suna kewaya duniya. A 1996 aka shirya wadda ta hana kowane irin gwaji, ko da ya ke ba ta fara aiki ba tukuna, saboda wasu ƙasashe ba su tabbatar da ita ba. A wannan shekara kuma ƙasashen Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyarmu, ta fara aiki a 2009.

Jama'a, mutanen Honolulu na 1962 fitilun titi kaɗan suka rasa, domin kayan zamaninsu masu kauri ne, dogaronsu ga lantarki kuma bai kai na yanzu ba. Yau ruwan sha, da magani, da ciniki, da sada zumunci duk sun rataya a kan ɗan ɓallin da bolt kaɗan ke ƙonawa. Don haka ya kamata kowa ya san abin, ya faɗa wa na gida yadda ya ke ba tare da ƙari ba, ya kuma goyi bayan duk wani ƙoƙari na kiyaye yarjejeniyoyin nan.

Allah ya kiyashe mu da sharrin yaƙi, ya zaunar da duniya lafiya. Wanda ke da tambaya sai ya ɗaga hannu.